Yadda Muka Kwashe Sunaye Daga Cikin Gwaggo

Shekaranjiya ina zaune a bakin shago, ina kallon ɗaya daga cikinku, matasan da suka buɗe wurin gyara a layinmu, yana sa wa kwamfutar wani malamin makaranta katin sadarwa. Ya kwance sukurori biyu, ya zare murfi, ya danna katin cikin raminsa, ya soka waya, fitila ta yi kore. Ko shayin da ya ajiye bai huce ba. Ya juyo yana dariya, ya ce wai dama wannan ne aikin da nake ta ba su labari kamar wanda ya haƙa rijiya da allura? Maganar ta zauna mini, shi ya sa na ga gara in rubuta muku yadda na sa katin farko a rayuwata.

Ni asalina mai gyaran rediyo ne. A Maƙarfi na koya, hannun Baba Yakubu, wani dattijo mutumin Kudancin Kaduna da ya zo garin tun yana saurayi, ya zauna har Hausarsa ta fi tamu daɗi. Kayan aikinsa ba su cika jaka ɗaya ba: mita mai allura da yake naɗewa cikin tsohuwar hula, filaya, sukundireba uku, dalma, da ƙarfen liƙi wanda ake ɗorawa a garwashi, don wuta ba abar dogaro ba ce. Sai gwangwanayen madara cike da rizista, wato ƙananan abubuwan nan masu kama da ƙwayar shinkafa da ke rage ƙarfin lantarki. Shekarata ta farko ban taɓa rediyo ba. Yakan zazzage mini gwangwani a faranti, ya ce in ware su bisa zoben launin da ke jikinsu, in faɗi nauyin kowanne da ka. Idan na yi kuskure ba ya faɗa, sai dai ya mayar da su duka cikin gwangwani ya girgiza, ya miƙo mini.

Aikin da na fara yi ni kaɗai, rediyon wani manomi ce daga Dandamisa. Ya rataye ta a reshe yana jin labarai a wurin da suke dafa mazarƙwaila, igiya ta tsinke, ta faɗa cikin ruwan rake. Da ya kawo ta, tururuwa sun riga sun yi gari a ciki. Na kwance ta ƙwaya-ƙwaya, na wanke allon da ruwan ɗumi da gashin kaza, na shanya shi kwana uku a inuwa. Ranar da ta yi magana, mutumin ya rungume ta kamar wanda masoyiyarsa ta dawo daga tafiya. Irin mutanen da na yi wa aiki ke nan shekara da shekaru: manoman rake da tumatir da barkono, waɗanda rediyo ita ce abokiyar hirarsu a gona.

Sai aka shiga shekarar nan mai wuya ta mulkin soja. Mai ya yi ɓatan dabo, motoci suna kwana a layi, ana ta sallamar ma'aikata. Batir ya fi ƙarfin talaka, mutane suka koma shanya tsofaffi a rana don su ƙara kwana ɗaya. Wanda bai iya sayen batir ba, me zai kawo gyara? Nakan wuni a shago ina karanta ƙananan littattafan soyayyar da ake sayarwa ranar kasuwa, har na san wace yarinya ce za ta yi kuka a shafi na nawa. Da abin ya ishe ni, na tafi Zariya wurin wani abokina mai shagon buga takardu, na yi wata uku. Kwamfutocinsa uku a haɗe suke, na iya aika takarda daga wannan zuwa waccan, na iya buɗe wa ɗaya ƙofa don 'yar'uwarta ta leƙa cikinta. Amma cikin kwamfuta sau biyu kacal na gani, bayan teburan kuwa ban taɓa leƙawa ba. Da na dawo na sa mai fenti ya ƙara kalma biyu a allon shagona: da kwamfuta. Hausawa sun ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

Wannan allon ne ya kawo mini Malam Tanimu wata Laraba da hantsi. Shi ne sakataren ofishin wani shirin tallafa wa manoma da ke Ikara, wanda ke kula da ƙauyukan Ikara da Maƙarfi da Kudan. A bayan motar tumatir ya zo, don babur ɗinsa ya yi sati ba mai. Muka gaisa, ya tambayi gida da iyali da kasuwa da gajiya, na tambayi nasa, sannan ya dubi allon ya dube ni, ya ce in ɗauko jakata.

A ofishin na tarar da Malama Rifkatu, mai buga takardu. Doguwar mace ce, mai ɗaurin ɗankwali tsaf, ba ta cika magana ba sai in za ta yi zolaya. Mijinta yana cikin waɗanda aka sallama daga masaƙa a Kaduna, albashinta ne ke riƙe da gida da 'ya'ya huɗu. Shekara biyu ta yi tana shigar da sunayen manoma cikin wata tsohuwar kwamfuta: sunan mutum, ƙauyensu, girman gonarsa, abin da yake shukawa. Da wannan jerin ake raba taki. Takardun da malaman gona suka bi ƙauye-ƙauye suka cike da hannu kuwa, gara ta shiga sito ta mayar da su ƙasa. Duk wanda ke Taba ko Furana ko Dandamisa mai jiran taki, sunansa wuri ɗaya ya rage a duniya, cikin wannan akwatin ƙarfe mai launin toka. Gwaggo take kiran ta.

Gwaggo kuwa ta kama hanyar barin duniya. Rumbunta, wato ƙarfen da ke juyawa a ciki yana riƙe da ajiya, ya fara ƙin tashi. Malama Rifkatu ta gano wa kanta dabara: kowace safiya takan sa mai gadi ya fito da akwatin ya ajiye a hantsi kamar ana shanyar barkono, idan jikinsa ya yi ɗumi a mayar, ta kunna, ta ɗan bubbuga gefen da tafin hannu. Wani lokacin ta tashi a karo na biyu, wani lokacin sai na biyar. Da na kara kunnena na ji wani sauti a ciki, ƙas, ƙas, ƙas, kamar agogon da ya gaji.

A ɗaya teburin ga sabuwa fil, fara tas, an aiko da ita daga Kaduna makonni biyu da suka wuce. Ita kuma Baƙuwa suke ce mata. Malam Tanimu ya bayyana mini abin da ke ƙasa. Ranar Litinin masu duba aiki za su zo, za su tafi da Gwaggo, kuma suna so su ga jerin a cikin Baƙuwa. An riga an rada masa cewa idan suka tarar da ita wayam, za a rubuta cewa mai buga takardu ba ta iya sabon inji ba, a turo wani daga Kaduna. A shekarar da ake neman dalilin sallama da fitila, wannan ya isa.

Na ce a kwashe a faifai mana. Malama Rifkatu ta ce jerin dunƙule yake guda ɗaya, ya fi cikin faifai, ta gwada har ta gaji. Na ce to in ciro rumbun Gwaggo in ɗaura a cikin Baƙuwa. Malam Tanimu ya kama hannuna ya kai ni bayan sabon injin, ya nuna mini wata takarda mai sheƙi da aka manna a kan sukurorin. Ya ce wanda ya kawo ta da soja ya zo, kuma sojan ya ce duk wanda ya yaga wannan takarda, a bariki zai yi bayani.

"Ni dai ina da hawan jini, Malam Ɗanlami," in ji shi. "Ka nemo wata hanyar."

A nan bayan Baƙuwa na ga wani baki zagayayye na ƙarfe, kamar inda ake soka eriyar talabijin. Na gane ita da katin sadarwarta ta zo. Gwaggo ce ba ta da shi. Idan na sa mata, na ja waya tsakaninsu, sunayen za su ƙetare ba tare da an taɓa takardar soja ba. Nan take na ga abin a raina kamar a littafi: masoya biyu, kogi a tsakani, ni ne mai kwalekwale. Na faɗa musu da ƙarfin gwiwar wanda ya yi haka sau ɗari.

Malama Rifkatu ta dube ni daga hula har takalmi. "Injiniya, ka taɓa yi?"

Na ce na ga an yi. Ta ce ita ma ta sha ganin jirgin sama yana wucewa.

Ranar Alhamis na yi sammakon Kano. A wani lungu na Sabon Gari na sami mai sayar da tsofaffin kayan kwamfuta da ake kawowa daga ƙasashen waje. Ya zaro mini kati daga cikin kwali: kore shar, tsawon tafin hannu da rabi, haƙoransa na ruwan zinare suna ƙyalli. Wallahi na daɗe ina kallon sa, don layukan jikinsa kamar zanen lalle suke a hannun amarya. Ya haɗa mini da faifan da ke gabatar da katin ga inji, da baƙar waya gaba biyar mai kauri, da ƙarafa biyu masu baki uku-uku. Ya nuna mini: baki ɗaya a jikin kati, ɗaya a waya. Na tambayi na ukun, ya ce wannan na ƙara wata kwamfutar ne nan gaba. Har na juya, ya lalubo wani ɗan murfin ƙarfe a ƙasan kwalin, kamar kan alƙalami, ya jefo mini ya ce in haɗa da wannan, tare suka zo. Na jefa shi aljihu a matsayin gyara, irin wadda mai gyaɗa ke ƙara wa mutum.

Lokacin ana yawan jita-jitar abubuwa masu fashewa, shingen sojoji kuwa ba iyaka a hanya. Koren allo da baƙar waya a jakar mutum ba abin da za ka so ka yi wa mai bindiga bayani ba ne. Shi ya sa na tafi da wata matacciyar rediyo daga shago, na kwantar da katin a cikinta na ɗaure, wayar kuma na naɗe ta kamar ta eriya. A shinge na biyu aka sauke mu. Sojan ya ɗaga rediyon ya girgiza, ya tambayi ko tana yi. Na ce, "Ranka ya daɗe, sai an gyara." Ya ce shi ma tasa ta mutu, ina ne shagona? Na kwatanta masa, ya miƙo mini, muka wuce.

Ranar Juma'a da safe na buɗe Gwaggo. Ku da kuke zare murfi da yatsa biyu, ku sani sukurori shida ne, biyu sun yi tsatsa, sai da na ɗiga musu man keke. Na cire takalmi na tsaya a siminti, na taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa katin, don abokina na Zariya ya ce lantarkin jikin mutum kaɗai yana kashe shi. A ciki akwai dogayen ramuka baƙaƙe guda huɗu, biyu babu kowa. Na ɓalle marfin ƙarfen da ke bayan ɗaya, na goge haƙoran katin da abin goge fensir, na saita shi. Ba ya shiga da lallashi. Sai ka danna da manyan yatsu biyu har allon ƙasa ya lanƙwasa, zuciyarka ta tsaya, sannan ka ji ya zauna. Bayan haka akwai wasu ƙananan robobi a jikin katin da ake matsarwa daga allura zuwa allura da hantsaki, don a ba shi layin da zai riƙa kiran inji ba tare da ya yi karo da wani ba. Yau inji ke zaɓa da kansa. A lokacin kai ne za ka zaɓa, in ka yi kuskure komai ya daskare.

Wutar gari ta yi kwana tara ba ta leƙo ba. Janareto muke da shi, da galan ɗaya na mai da Malam Tanimu ya samo ta hannun surukinsa, yana ajiye da shi a ƙarƙashin teburinsa kamar turare. Aka shanya Gwaggo, aka tayar da janareto, ta tashi a bugu na uku. Na sa faifai, ta karɓi katin, ta ambaci sunansa a allo. Na ɗaura ƙarafan nan masu baki uku, na ja waya, na buɗe wa Gwaggo ƙofa yadda na koya. Na koma gaban Baƙuwa na leƙa inda ya kamata in ga maƙwabciyarta.

Babu kowa. Baƙuwa kanta kaɗai take gani.

Na kashe, na matsar da roba, na kunna. Kowace kunnawa sai an yi fama da Gwaggo, kuma kowace tashi sautin nan yana ƙara ƙarfi. Muka tafi masallaci muka dawo, na sauya wa katin rami. Shiru. Ranar Asabar na auna wayar da mita daga wannan kai zuwa wancan, lafiyarta lau. Na zargi katin, na zargi mutumin Kano, na zargi faifai. Malam Tanimu yana tsaye a kaina yana ɗaga galan yana duba shi a hasken taga. Da la'asar Gwaggo ta ƙi tashi sam, sai a bugu na tara. Malama Rifkatu ta ce a kashe haka nan, kada mu ƙarasa ta da hannunmu. Ba ta zolaye ni ba ranar, wannan ya fi mini ciwo. Ta ɗauki jakarta ta ce gobe za ta biyo daga coci, in ina da sauran dabara.

Ba ni da ita. A gidan wani ɗan'uwana na kwana a Ikara, da safe na koma ofis don kawai kunyar gudu. Man da ya rage bai fi na awa ɗaya ba. Na zazzage jakata da aljihuna a tebur, na zauna ina kallon tarkacen.

Wajen azahar ta shigo da kayan cocinta, farin ɗankwali da littafin waƙoƙi a hannu. Muka gaisa, ta ce ta sa an yi wa Gwaggo addu'a, har wata tsohuwa ta tambaye ta a wane asibiti aka kwantar da ita. Ta ja kujera ta zauna. Hannunta ya kai kan ɗan murfin nan da ke cikin tarkacena, tana juya shi tana kallon taga. Can ta tambaye ni na mene ne. Na ce murfi ne kawai na hana datti shiga, gyara aka ba ni.

Ta auna shi a tafin hannu, ta leƙa cikinsa. "Injiniya, murfin hana datti da allura a ciki? Kuma ji nauyinsa."

Na so in ce mata ta bar wa masu sana'a sana'arsu. Abin da ya hana ni, na tuna kwana biyu ina auna waya, ina auna fis, amma ban taɓa ɗora mita a kan wannan abu ba. Da a cikin rediyo na tsince shi, da tuni na auna, don mai rediyo ba ya yarda da ido. Amma kwamfuta ta cika mini ido, na ɗauka kayanta sun fi ƙarfin tsohuwar mitar da na gada wurin Baba Yakubu, wanda kuma bai yi kama da abin kirki ba na raina shi. Na karɓa, na ɗora tsinke ɗaya a allurar, ɗaya a jikin ƙarfen. Allurar mita ta tashi ta tsaya cak a kan hamsin.

Rizista ce. Rizista ce mai nauyin hamsin, an sa mata rigar ƙarfe.

Ita kuwa ta riga ta ɗauki ambulan ɗin da faifan ya zo a ciki, ta zaro wata 'yar takarda da ta manne a ƙasa, wadda ban ma san da ita ba. Rubutun ba Turanci ba ne, amma akwai zane: kwamfutoci a jere, waya ta ratsa su, a ƙarshen nan murfi, a ƙarshen can murfi. Daga baya na fahimci dalili. Saƙon da ke gudu cikin irin wannan waya, idan ya kai ƙarshe ya tarar da baki a buɗe, dawowa yake ya yi karo da na bayansa, kamar mai magana cikin rijiya. Murfin shi ke shanye shi. Kwana biyu Gwaggo da Baƙuwa suna kiran juna, amsa-kuwwa ta hana su ji.

"Biyu ake so," in ji ta. "Ɗaya gare mu."

Kano ta yi nisa, ga Lahadi, ga gobe Litinin. Amma yanzu an dawo gonata. Na jawo matacciyar rediyon da na ɓoye katin a ciki, na buɗe, na bi allonta da ido. Hamsin ba ta cika samuwa a rediyo ba, amma ɗari tana ko'ina, ga launin zobbanta: ruwan ƙasa, baƙi, ruwan ƙasa. Na sami biyu. Duk wanda ya yi shekara yana ware gwangwani ya san idan ka jera ɗari biyu kafaɗa da kafaɗa, ka murɗe ƙafafunsu tare, hamsin suke komawa. Na roƙi mai gadi garwashin shayinsa, na ɗora ƙarfen liƙi, don ba zan ƙona mai a kan wannan ba. Na ciro su, na murɗe, na liƙe da dalma. Mita ta ce hamsin da ɗan ɗoriya. Ƙafa ɗaya na soka a tsakiyar bakin da ke buɗe a bayan Baƙuwa, ɗayar na naɗe a jikin ƙarfen na ɗaure da zaren da Malama Rifkatu ta tsinko daga gefen ɗankwalinta. Murfin gaske kuma na ɗaura wa Gwaggo.

Malam Tanimu ya iso ana cikin haka. Ya durƙusa ya kalli abin da na rataya wa sabuwar kwamfutar gwamnati, ya ce wannan ai ya fi kama da laya. Ya zagaya ya tabbatar takardar soja tana nan lafiya, sannan ya juye sauran man a janareto har ɗigon ƙarshe.

Hantsi ya wuce, amma mai gadi ya riga ya shanya Gwaggo tun safe bisa sabo. Malama Rifkatu ta kunna ta bubbuga. Shiru. Ta sake. A karo na shida ta sunkuya ta yi mata magana da yarensu, ban san me ta ce ba, ta buga gefen sau ɗaya da ƙarfi. Muka ji rumbun ya ja numfashi ya fara juyawa.

Na zauna gaban Baƙuwa, na leƙa. Ga su nan su biyu a allo, gefe da gefe.

Ban tsaya murna ba. Na kama jerin na ja shi zuwa Baƙuwa, wani ɗan layi ya bayyana ya fara cika a hankali kamar ana ban-ruwa a kwarin tumatir. Ba wanda ya zauna. Malam Tanimu yana jan carbi a bakin ƙofa, kunnensa ɗaya a janareto. Da layin ya kai wajen rabi sai ya tsaya, Gwaggo ta shiga ƙas, ƙas, ƙas ɗinta babu ƙaƙƙautawa. Malama Rifkatu ta ɗora tafin hannunta a kan akwatin, ba bugu, ɗorawa kawai. Ban ce hannun ne ya yi ba, ni mai gyara ne. Na dai san bayan wani lokaci sautin ya lafa, layin ya ci gaba, har ya cika.

Ta ture ni daga kujerar ta buɗe jerin a Baƙuwa. Ta ce Malam Tanimu ya ambaci duk wanda ya ga dama. Ya kira wani mai rake a Taba, ta fito da shi. Ya kira wata gwauruwa mai gonar barkono a Furana, ga ta. Ni ma na ce a duba mini mutumin Dandamisa mai rediyon mazarƙwaila, aka same shi da kadadarsa biyu. Ta gangara har ƙasa ta ga sunan ƙarshe da ta buga da hannunta. Sannan ta tashi ta kashe Gwaggo yadda ya kamata, ta kashe Baƙuwa, ta zauna ta rufe fuska da ɗankwali na ɗan lokaci. Janareto ya ƙara minti kaɗan ya yi tari ya mutu don kansa.

Na kwance layata daga bayan Baƙuwa, na naɗe waya, na share wurin kamar ba a taɓa komai ba.

Ranar Litinin ban koma Maƙarfi da wuri ba, na tsaya a gindin bishiyar ƙofar ofis. Masu duba aiki su uku suka zo da motarsu da nasu man. Ta taga nake hango Malama Rifkatu zaune a gaban Baƙuwa, bayanta a miƙe, suna tambaya tana dannawa. Babbansu ya duba takardar da ke kan sukurori, ya duba allo, ya sa hannu a wata takarda. Malam Tanimu ya fito yana share gumi, ya ce mini an ce ta ci gaba da aikinta. A wannan ofis ta zauna har ta yi ritaya.

Kafin su tafi, ɗayansu ya ce a kunna tsohuwar ya gani, don ya rubuta halin da ya same ta. Aka kunna, aka bubbuga, aka sake, har sau goma sha wani abu. Ko ƙas ɗin ba ta yi ba. Ya rubuta abin da zai rubuta, ya sa direba da mai gadi su kai ta mota. Direban ya ɗauke ta a kafaɗa kamar buhun masara, ya jefa a bayan motar har murfin ya yi ƙara. Ban san lokacin da na taka na ce masa ya bi a hankali ba.

Malama Rifkatu tana tsaye a bakin ƙofa, hannunta naɗe a ƙirji.

"Ƙyale shi, Injiniya," in ji ta. "Ba kowa a ciki. Duk sun ƙetare."